SUNA LINZAMI? NAZARI A KAN SUNAYEN KIƊE-KIƊEN GOGE NA GARGAJIYA A AMURKA

1.0 GABATARWA

Hausawa sun ce suna linzami ne. Abin nufi shi ne da suna ake kamo abu a juyo da shi, kuma duk inda aka ambaci suna mai shi zai waiwayo. Manufar wannan takarda ita ce a gwada wannan magana a kan wani fanni na adabin baka wanda ba a saba kawo shi a tarurrukanmu ba, watau kiɗe-kiɗen goge na gargajiya na ƙasar Amurka. Waɗannan kiɗe-kiɗe suna da ɗimbin yawa, kuma galibinsu suna ɗauke da sunaye masu jan hankali, na yaƙe-yaƙe da koguna da 'yan mata da dabbobin gida, har mai sauraro yakan zaci kowane suna yana ba da tarihin kiɗansa.

Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, sunan kiɗa shaida ne a kan mutanen da suka riƙe kiɗan a wani wuri da wani zamani, amma bai isa hujja a kan asalin kiɗan ba. Manazarcin da ya ɗauki suna a madadin tarihi zai yi ɓatan kai, kuma yana iya tauye haƙƙin waɗanda suka yi wa kiɗan wahala. Za a fara da bayanin kiɗan kansa, sa'an nan hanyoyin da ake raɗa masa suna, da yadda suna ke rabuwa da abin da aka raɗa wa, da labaran da suna ke haifarwa, da kuma abin da yake ɓoyewa.

2.0 KIƊAN DA AKE MAGANA A KAI

Abin kiɗan da ake nufi shi ne gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda ake ɗora wa a kafaɗa ko a ƙirji a goga da izga. Baƙi daga Ingila da Sikotilan da Ailan ne suka shiga da shi Amurka tare da kiɗe-kiɗensu na rawa, ya bazu a ƙauyuka, musamman a yankin duwatsun Appalachia da jihohin kudu. Bayin da aka kwaso daga Afirka su ma sun rungume shi da wuri, har ya zama a ƙarni na 18 da na 19 sau da yawa baƙar fata ne ke kaɗa wa farare rawa. Masaniyar kiɗa Jacqueline DjeDje, wadda ta buga littafi a 2008 a kan gogen Fulani da Hausawa da Dagomba, tana cikin masu ganin cewa sanin goge mai tsirkiya ɗaya da mutanen Afirka ta Yamma suka tafi da shi ya taimaka musu wajen karɓar na Turawa.

A wannan takarda za a yi amfani da kalmar "kari" ana nufin jerin sautukan da kunne ke gane kiɗa da su, ko da ba a furta kalma ba. Yawancin waɗannan karuruwa gajeru ne, masu gaɓa biyu, ɗaya a kan tsirkiyoyi masu kaurin murya ɗaya a kan masu siririyar murya, ana maimaita kowace gaɓa sau biyu, a yi ta zagayawa har masu rawa su gaji. Da kunne ake koyonsu, daga uba ko maƙwabci ko baƙon da ya kwana a gari.

A nan ne ya kamata mu lura da bambancinsu da taken da muka sani. Idan makaɗin Hausa ya kaɗa taken wani basarake ko ɗan dambe, akwai kalmomi a ƙarƙashin kiɗan waɗanda ganga ke kwaikwayon hawa da saukar muryarsu, don haka take ba ya rabuwa da mai shi cikin sauƙi. Karin gogen Amurka kuwa yawanci ba shi da irin wannan ƙulli. Sunan yana rataye ne kawai a bakin makaɗi, kuma abin da ke rataye a baki yana iya faɗuwa a hanya.

3.0 HANYOYIN RAƊA SUNA

3.1 Sunan Mutum

Hanya ta farko ita ce a jingina kari ga wani mutum. Misali mafi tsabta shi ne "Durang's Hornpipe". John Durang shahararren ɗan rawa ne na dandalin wasan kwaikwayo, kuma shi da kansa ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa wani makaɗi Bajamushe mai suna Hoffmaster ne ya tsara masa karin a birnin Niyok a 1785. A nan mun san mai tsarawa da wanda aka tsara wa da shekara. Irin wannan cikakkiyar shaida ba ta da yawa a wannan fanni.

Abin da ya fi yawa shi ne a kira kari da sunan wanda aka ji shi a wurinsa. A 1966 da 1967 Alan Jabbour ya ɗauki kiɗe-kiɗen wani tsoho mai suna Henry Reed a garin Glen Lyn na jihar Birjiniya. Reed ya koyi kiɗe-kiɗe da dama tun yana yaro a wurin wani dattijo mabushin sarewar soja, Quince Dillion. Ɗaya daga cikin karuruwan da suka fito daga wannan aiki ana kiransa "Quince Dillion's High D", watau an haɗa sunan dattijon da sunan sauti mafi tsawo da ke cikin karin. Irin wannan suna silsila ce ta malamai. Yana gaya mana hannun da kari ya bi, ba ya gaya mana wanda ya ƙaga shi.

3.2 Abin da ya Faru a Tarihi

Hanya ta biyu ita ce tunawa da wani babban al'amari. "Hull's Victory" yana tuna nasarar da Kyaftin Isaac Hull ya samu a kan wani jirgin ruwan yaƙin Ingila a watan Agusta na 1812. "Eighth of January", watau takwas ga Janairu, yana tuna ranar da Janar Andrew Jackson ya ci sojojin Ingila a New Orleans a 1815, kuma a wasu wurare ana kiran karin "Jackson's Victory". Akwai kuma jerin karuruwa masu ɗauke da sunan Bonaparte, sarkin yaƙin Faransa, kamar "Bonaparte's Retreat", wanda ake dangantawa da komowarsa daga Masko a 1812.

3.3 Wuri da Rayuwar Yau da Kullum

Hanya ta uku ita ce sunan kogi ko dutse ko gari, kamar "Cumberland Gap", wata mashiga a tsakanin duwatsu wadda ta nan masu ƙaura suka riƙa bi zuwa Kentaki. Ta huɗu ita ce kwaikwayon sauti. A "Cacklin' Hen" makaɗi yana sa goge ya yi kyarkyarar kaza. "Orange Blossom Special", wanda aka yi wa rajista da sunan Ervin Rouse a 1938, sunan wani jirgin ƙasa ne da ya riƙa tashi daga Niyok zuwa jihar Florida, kuma gogen yana kwaikwayon ƙarar ƙafafunsa da usur ɗinsa. Ta biyar ita ce ɗan guntun baiti da makaɗi kan rera a tsakiyar rawa, sai kalmomin farkonsa su zama suna, kamar yadda ya faru ga "Old Molly Hare" da "Cluck Old Hen". A waɗannan hanyoyi biyu na ƙarshe ne kawai suna ke manne da kari sosai, domin kunne na iya gaskata shi.

4.0 RABUWAR SUNA DA KARI

Samuel Bayard, wanda ya shafe shekaru yana tattara kiɗe-kiɗen goge da sarewa a jihar Pennsylvania, ya kuma buga su a littattafai biyu a 1944 da 1982, ya nuna cewa kari ɗaya yakan yi sunaye da yawa, suna ɗaya yakan hau karuruwa daban-daban, kuma makaɗa da dama ba su san sunan abin da suke kaɗawa ba. Don haka ya karkasa karuruwa dangi-dangi bisa ga kamannin sautinsu. Misalai uku za su nuna dalilinsa.

Na farko, karuruwan Sikotilan da suka ƙetare teku. A can al'ada ce makaɗi ya raɗa wa kari sunan ubangidansa ko uwargijiyarsa, kamar yadda makaɗan fada ke yi a ko'ina. Karin da ake kira "Lord MacDonald's Reel" da ya isa kudancin Amurka sai ya koma "Leather Britches", watau wandon fata, wanda kuma a yankin Appalachia suna ne na ɗanyen wake da ake shanyawa a zare da kwansonsa. "Miss McLeod's Reel" ya koma "Hop High Ladies", kira ga mata su yi tsalle a rawa. "The Fairy Dance" na Nathaniel Gow, watau rawar aljanu, shi ne ya zama "Old Molly Hare", tsohuwar zomanya. Alal haƙiƙa akwai ma'ana a wannan sauyi. Manomin da ke zaune a tsakanin duwatsu ba shi da wani ubangida MacDonald da zai yi wa kirari, sai ya sauke sunan basarake ya ɗora na abin da yake gani a ƙofar ɗakinsa. Sabon sunan ya faɗi gaskiya a kan sabuwar al'umma, amma ya shafe sawun da kari ya biyo.

Na biyu, gurɓacewar lafazi. A 1776 Daniel Dow ya buga wani kari da sunan Sir Archibald Grant na Monymusk, wani wuri a arewa maso gabashin Sikotilan. Daga baya aka yar da sunan mutumin, aka raba sunan wurin gida biyu ya zama "Money Musk", watau kuɗi da almiski, kalmomi biyu da ba abin da ya haɗa su. Duk wanda ya zauna neman hikimar haɗa kuɗi da turare a wannan suna, aikin banza yake yi.

Na uku, musayar suna. A 1839 George Knauff ya buga tarin kiɗe-kiɗen Birjiniya, wanda yana cikin tsofaffin shaidun rubutu a kan gogen kudu. Karin da yau kowa ke kira "Mississippi Sawyer" yana cikin tarin da sunan "Love from the Heart", alhali kuwa wani kari dabam ne ke ɗauke da sunan "Mississippi Sawyer" a wurin Knauff. Ke nan suna ya sauka daga kan wani doki ya hau wani. Daɗin daɗawa, kalmar ƙarshe ta sunan tana da fuska biyu: tana nufin mai tsaga katako, kuma a bakin matuƙan jiragen kogin Misisipi tana nufin kututturen da ya nutse yana sama yana ƙasa cikin ruwa, mai fasa jirgi. Kowace fuska ta samu masu ba da labarinta.

Abin da ya rage wannan yawo shi ne ɗab'i da faifai. Tarin Ryan da aka buga a Boston a 1883 ya ƙunshi karuruwa 1,050, aka sake buga shi a 1940 da sunan kamfanin Cole, ya shiga gidajen makaɗa masu yawa. A 1922 Eck Robertson na jihar Texas ya ɗauki "Sallie Gooden" a faifan kamfanin Victor, kuma daga wannan lokaci duk sunan da aka buga a goshin faifai shi ke rinjayar sauran. Lalle ne manazarci ya tuna cewa sunan da ake ɗauka yau shi ne "na asali", sau da yawa shi ne kawai wanda ya riga sauran isa wurin maɗaba'a.

5.0 LABARIN DA SUNA KE HAIFARWA

An saba zaton labari ne ke haifar da suna. Shaidu sun nuna cewa sau da yawa sunan ne ke haifar da labarin. Mutum ya gaji suna wanda bai san dalilinsa ba, sai ya nemo masa dalili.

"Soldier's Joy", watau farin cikin soja, yana cikin karuruwan da aka fi kaɗawa a Amurka. Labari ya bazu cewa sunan yana nufin mofin, maganin kashe zafi da aka riƙa ba sojojin da suka ji rauni a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, kuma faifan da ƙungiyar Skillet Lickers ta ɗauka a 1929 ya ambaci wannan magani a baitinsa. Amma an riga an buga karin da wannan suna a Biritaniya tun ƙarni na 18, kuma mawaƙin Sikotilan Robert Burns ya ɗora waƙar wani tsohon soja a kansa a 1785. Mofin kuwa sai a farkon ƙarni na 19 aka fara tace shi daga ƙwayarsa. Suna ya girmi maganin, balle yaƙin. Duk da haka labarin bai zama shara ba, domin yana nuna abin da jikokin waɗancan sojoji suka ji a cikin kalmar "farin ciki". Kuskuren shi ne a ɗauke shi a matsayin asali.

Haka al'amarin yake ga labarin makaɗin da aka rataye. A Kentaki ana cewa Joe Coleman, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a 1847, ya kaɗa "Coleman's March" yana zaune a kan akwatin gawarsa a hanyar zuwa wurin rataya. Ana ba da kusan wannan labari a kan karin da ake kira "The Last of Callahan". D. K. Wilgus ya yi nazarin waɗannan riwayoyi, kuma duk wanda ya jera su zai ga kamanninsu da labarin James MacPherson, wanda aka rataye a garin Banff na Sikotilan a 1700, aka ce ya yi kiɗan ban kwana sa'an nan ya karya gogensa. Ratayar tana iya zama gaskiya, amma ƙirar labarin gado ce da ta ƙetare teku kamar yadda karuruwa suka ƙetare, tana neman sunan da za ta sauka a kai.

Wannan ɗabi'a ba ta tsaya ga mutanen dā ba. Jay Ungar ya tsara "Ashokan Farewell" a 1982, don ban kwana da wani sansanin koyon kiɗa da rawa a Ashokan ta jihar Niyok. Da aka yi amfani da shi a fim ɗin tarihin yaƙin basasa na Ken Burns a 1990, sai jama'a da yawa suka ɗauka kiɗan zamanin yaƙin ne, alhali mai shi yana raye.

6.0 ABIN DA SUNA KE ƁOYEWA

A nan ne maganar ta wuce sha'awar masana ta shafi haƙƙi. Karin da yara ke sani da "Turkey in the Straw", watau talo-talo cikin ciyawa, ya yi tashe ne da sunan "Zip Coon", wanda aka buga a 1834. Wannan suna ne na wani ɗan wasa a dandalin da farare ke shafa baƙi a fuska suna yi wa baƙar fata ba'a, kuma an ƙaga shi ne don muzanta baƙin mutum mai 'yanci da ya yi ado. Akwai kuma wani kari wanda tsohon sunansa ke ɗauke da kalmar zagi ga baƙar fata, yana maganar bawa da ke gudun 'yan sintirin da ke kama bayi da dare. Yau ana kiransa "Run, Boy, Run" ko "The Pateroller". Babu mai hankalin da zai ce a ci gaba da kiran sunan zagi a filin rawa. Amma aikin makaɗi dabam, na manazarci dabam. Idan ma'ajiyar tarihi ta goge tsohon suna gaba ɗaya, ta goge shaidar cewa akwai bayi da tsoronsu a cikin wannan kiɗa, sai ya fito kamar kayan farare tsantsa. Wannan zato ya daɗe yana cin baƙaƙen makaɗa irin su Joe Thompson na North Carolina, wanda ya rasu a 2012, yana cikin na ƙarshe da suka gaji wannan goge a gidajensu.

Misali na ƙarshe shi ne na "Bonaparte's Retreat". Makaɗa da yawa suna kaɗa shi a hankali kamar tafiyar rundunar da aka ci. A 1937 Alan Lomax da matarsa Elizabeth suka ɗauki wani makaɗin Kentaki, William Stepp, yana kaɗa shi da wani irin sauri da ƙawa nasa na kansa. Ruth Crawford Seeger ta rubuta wannan kiɗa da alamomin sauti, aka buga a 1941. A 1942 Aaron Copland ya ɗauke shi kusan sauti da sauti ya sa a wasansa na rawa mai suna "Rodeo", a ɓangaren da ya kira "Hoe-Down". Duniya ta san kiɗan da wannan sabon suna da kuma sunan Copland. Tsohon sunan ya ambaci sarkin Faransa, sabon ya ambaci rawar ƙauye, babu ɗaya da ya ambaci mutumin da fasaharsa ce ake ji. Faifan 1937 da aka adana a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, mai ɗauke da sunan makaɗi da wuri da shekara, shi ya sa aka san Stepp.

7.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a ga cewa a wannan fanni suna linzami ne, amma linzamin da ake cirewa daga wannan doki a sa wa wancan. Yana nuna hannun da ke riƙe da shi a lokacin, ba ya nuna garken da aka haifi dokin. Saboda haka akwai ƙa'idoji uku da ya kamata mai nazari ya kiyaye. Na ɗaya, a bi dangantakar karuruwa ta hanyar sautinsu, kamar yadda Bayard ya yi, a ɗauki suna a matsayin shaida ta biyu. Na biyu, a rubuta duk sunan da makaɗi ya faɗa da labarin da ya bayar yadda ya faɗe su, tare da sunansa da garinsa da shekara da wanda ya koya masa, kuma idan ya ce kari ba shi da suna a rubuta haka, kada mai tattarawa ya raɗa nasa ya yi shiru. Na uku, idan an sauya suna saboda muninsa, a bar tsohon a cikin kundin ajiya tare da bayanin dalili.

Waɗannan ƙa'idoji sun shafi masu tattara kiɗan goge da kukuma da garaya a ƙasar Hausa kamar yadda suka shafi na Amurka. Kaset ɗin da aka rubuta wa sunan kiɗa kawai, ba makaɗi ba gari ba shekara, rabin shaida ne, kuma wanda zai zo nazarinsa bayan shekara hamsin ba zai sami wanda zai tambaya ba.